Gashin Gurbin Tiyata ko Gashin Dukan Ƙwaƙwalwa: Nazarin Gwajin N107C

Idan likitan tiyata ya ciro ƙarin ciwon daji daga ƙwaƙwalwar mutum, ya mayar da ƙoƙon kai, hoton MRI (hoton da ke nuna cikin kai) na washegari kuma ya nuna babu abin da ya rage, har yanzu tsugune ba ta ƙare ba. A jikin bangon gurbin da aka ciro ƙarin akan bar ƙwayoyin daji ƙanana waɗanda ido ba ya gani, na'urar hoto ma ba ta kama su, kuma idan aka sallami majinyaci haka nan ba tare da wani mataki ba, kusan rabin irin waɗannan mutane sukan dawo cikin shekara ɗaya ko biyu da sabon ƙari a daidai wurin da aka yi aikin. Wannan ne ya sa ake bin tiyata da gashi, wato jefa haskoki masu ƙarfi a kan wurin domin kashe abin da wuƙa ta bari. Ba a cika jayayya a kan wajibcin gashin ba. Inda gizo ke saƙar shi ne faɗin wurin da za a gasa: dukan ƙwaƙwalwa, ko kuwa gurbin tiyatar kaɗai. Wannan tambaya ce wani gwajin likitoci mai suna N107C ya yi ƙoƙarin amsawa, kuma shi ne abin da wannan nazari zai duba.

Ƙarin da ake magana a kansa shi ne wanda ya yi ƙaura zuwa ƙwaƙwalwa daga wani sashe na jiki, galibi daga huhu, ko mama, ko ƙoda, ko hanji, ko dajin fata da ake kira melanoma. A manya, wannan nau'i ya fi wanda ke tsirowa daga ƙwaƙwalwar kanta yawa nesa ba kusa ba. Dajin da asalinsa daga ƙwaƙwalwa ne, irin su giliyobilastoma, tsarin maganinsa dabam ne, don haka ba ya cikin wannan nazari.

Yadda gashin dukan ƙwaƙwalwa ya zama doka

Tun cikin shekarun 1950 likitoci ke gasa kai gaba ɗaya ga wanda daji ya bazu zuwa ƙwaƙwalwarsa, amma hujjar yin haka bayan tiyata ta kafu ne da gwaje-gwaje biyu da Roy Patchell da abokan aikinsa suka gudanar daga Jami'ar Kentucky ta Amurka. Na farko, wanda ya fito a 1990 da majinyata 48, ya nuna cewa ciro ƙari guda ɗaya sannan a yi gashi ya fi gashi kaɗai amfani: rabin waɗanda aka yi wa tiyata sun kai mako 40 a raye, alhali a ɗaya ɓangaren adadin mako 15 ne. Na biyu ya fito a 1998 da majinyata 95, dukansu an ciro musu ƙari ɗaya tsaf, sannan aka gasa wa wasu dukan ƙwaƙwalwa aka bar wasu ana sa musu ido. A cikin waɗanda aka bari, kashi 46 cikin 100 ƙarin ya dawo musu a gurbinsa, kashi 70 kuma ya ɓullo a wani wuri cikin ƙwaƙwalwa, ko a gurbin ko a wajensa. A cikin waɗanda aka gasa, adadin ya sauka zuwa kashi 10 da kashi 18.

Waɗannan alkaluma suna da ƙarfin da babu likitan da zai kau da kai daga gare su, kuma su ne suka mayar da gashin dukan ƙwaƙwalwa al'ada ta kusan shekara ashirin. Sai dai akwai wani layi a cikin rahoton na 1998 da ba a ba shi nauyin da ya kamata ba a lokacin: tsawon rayuwa bai bambanta ba, mako 48 da mako 43, tazarar da ba ta wuce abin da dace zai iya haifarwa ba. Gashin ya rage mutuwa ta dalilin ƙwaƙwalwa, amma dajin da ke cikin huhu ko hanta ya ci gaba da aikinsa. Wani babban gwaji na ƙasashen Turai mai lamba EORTC 22952, da ya ƙunshi majinyata 359 ya kuma fito a 2011, ya sake tabbatar da haka. Dawowar ƙari a gurbin tiyata cikin shekara biyu ta ragu daga kashi 59 zuwa kashi 27, amma mutanen ba su ƙara tsawon rai ba, ba su kuma ƙara tsawon lokacin da suke iya kula da kansu ba.

Daga nan tambaya ta sauya. Idan magani yana tsabtace hoton MRI amma ba ya ƙara kwana, dole a bincika abin da majinyaci ke biya a madadinsa. Iyalai sun riga likitoci sanin amsar. Bayan zubewar suma da kasala da raguwar ji, sukan lura cewa mutumin da suka sani ya fara mantuwa: a gaya masa magana da safe, da azahar ta ɓace masa, ya riƙe takardar lissafin da ya saba yi a tsaye, ya kasa kai ta ƙarshe. A 2009 Eric Chang da abokan aikinsa a cibiyar daji ta MD Anderson da ke Houston suka auna wannan lamari da gwaje-gwajen tunani, har kwamitin sa ido ya dakatar da binciken bayan majinyata 58 kacal, domin yiwuwar raguwar koyo da riƙe magana bayan wata huɗu ta kai kashi 52 ga waɗanda aka gasa musu dukan ƙwaƙwalwa, ga waɗanda aka gasa musu wurin ƙarin kaɗai kuwa kashi 24. Wani gwajin da ya fi wannan girma, N0574, ya biyo baya a 2016 da sakamako mai kama da haka. Amma duka biyun sun fi mayar da hankali ne ga ƙarin da ba a ciro ba. Game da wanda aka riga aka yi wa tiyata, babu amsa tabbatacciya.

Gashin saiti

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga Lars Leksell, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya bayyana dabarar a 1951, aka kuma kafa na'urarsa ta farko mai suna Gamma Knife a Stockholm a 1968. Hikimar ita ce a harbo siraran haskoki masu yawa daga kusurwoyi dabam-dabam, kowane ɗaya ba shi da ƙarfin yin ɓarna a hanyar da ya bi, amma duk su haɗu a ɗigo guda inda ƙarfinsu zai taru. A yau ana yin wannan gashin saiti da Gamma Knife, da CyberKnife, da kuma injinan gashi na zamani da aka tanada domin haka.

A aikace, majinyaci yakan dawo asibiti makonni kaɗan bayan tiyata. Akan jiƙa wata roba mai ƙofofi a ruwan ɗumi har ta yi laushi, a shimfiɗa ta a fuskarsa, ta sandare da siffar hancinsa da goshinsa da haɓarsa, ta yadda idan aka ɗaure ta a gadon injin kansa ba zai motsa ba. A wasu cibiyoyin kuma firam ɗin ƙarfe ake kafawa a ƙoƙon kai. Daga nan a ɗauki hoton MRI mai yanka siriri, likitan gashi da na tiyata su zauna gaban kwamfuta suna zana iyakar gurbin yanka bayan yanka, su ƙara tazarar milimita biyu a kewaye domin ƙwayoyin da suka kutsa cikin bango. Wannan zane ya fi zana ƙarin da ba a taɓa ba wahala, domin gurbin tiyata ba shi da siffa tsayayya: yana lotsawa, yana cika da jini da ruwa, yana sauya kama daga mako zuwa mako. Gashin kansa zama ɗaya ne, majinyaci ya koma gida ranar, sumarsa kuma galibi tana nan.

Likitoci da yawa sun fara gasa gurbi ta wannan hanya tun kafin a sami hujja mai ƙarfi, suna dogara da rahotannin cibiyoyinsu. Irin waɗannan rahotanni suna da rauni sananne, domin likita ne ke zaɓar wanda zai yi wa sabuwar hanya, kuma sau da yawa mai ƙarfin jiki da ƙaramin ƙari ake zaɓa.

Tsarin gwajin

Gwajin N107C, wanda a Kanada ake kira CEC.3, an tsara shi ne domin toshe wannan giɓi. Paul Brown na asibitin Mayo ne ya jagorance shi, ƙarƙashin haɗakar cibiyoyin binciken daji ta Alliance a Amurka tare da takwararta ta Kanada. Daga Nuwamba 2011 zuwa Nuwamba 2015, cibiyoyi 48 suka shigar da manya 194 waɗanda aka ciro musu ƙari ɗaya, gurbin kuma bai kai santimita biyar ba. An amince da wanda ke da wasu ƙananan ƙari har guda uku da ba a ciro ba, waɗanda aka yi musu gashin saiti ko a wane rukuni mutum ya faɗa. Mafi yawan majinyatan daga huhu dajinsu ya taso.

Ƙuri'a ce ta raba su, ba zaɓin likita ba: 98 aka gasa musu gurbi kaɗai, 96 aka gasa musu dukan ƙwaƙwalwa. Ana auna yawan hasken da jiki ya sha da ma'aunin Gray. Masu gashin dukan ƙwaƙwalwa sun sami Gray 30 a zama goma, ko Gray 37.5 a zama goma sha biyar, wato mako biyu ko uku suna zirga-zirgar asibiti. Masu gashin gurbi sun sami tsakanin Gray 12 da 20 a zama ɗaya, kuma girman gurbin ne ke yanke adadin: ƙaramin gurbi ya sami 20, mafi girma ya sami 12, saboda zuba haske mai yawa a wuri mai faɗi yana iya kashe lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa. Ya kamata a riƙe wannan ƙa'ida, domin tana da hannu a sakamakon.

Abin da ya bambanta wannan gwaji da na Patchell shi ne abin da aka sa a gaba. Ba tsabtar hoto aka ɗauka a matsayin babban ma'auni ba. Abubuwa biyu aka zaɓa: tsawon rai, da tsawon lokacin da mutum zai yi a raye ba tare da tunaninsa ya ragu ba. Domin auna na biyun, an horar da ma'aikata a kowace cibiya su yi wa majinyata jarrabawa iri ɗaya kafin gashi da kuma bayansa. Ma'aikaci zai karanta kalmomi goma sha biyu, majinyaci ya maimaita waɗanda ya riƙe, a yi haka sau uku. Bayan kimanin minti ashirin, ba tare da an sake karantawa ba, a ce ya kawo su. Sannan a karanta masa jeri mai tsawo da aka cakuɗa tsofaffin kalmomin da sababbi, ya ware waɗanda ya taɓa ji. A wata jarrabawar akan ba shi harafi ɗaya, ya lissafo duk kalmomin da suka fara da shi cikin minti guda. A wata kuma akan miƙa masa takarda mai da'irori a warwatse, ya haɗa su da biro daga lamba ɗaya zuwa ashirin da biyar ana duba agogo, sannan ya sake yi yana tsallake tsakanin lamba da harafi bi da bi. Ma'aunai shida ke fitowa daga waɗannan, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa da wani mizani da aka tsayar tun farko a ko da ɗaya daga cikinsu, an lissafa shi cikin waɗanda tunaninsu ya ragu.

Jarrabawar tana iya zama kamar wasa ga lafiyayye, amma abin da take aunawa shi ne ainihin abin da mutum ke buƙata domin ya tuna lokacin shan maganinsa, ya bi zance a cikin taro, ya yanke shawara a kan dukiyarsa da iyalinsa a watannin da suka rage masa.

Abin da aka samu

An gabatar da sakamakon a taron ƙungiyar likitocin gashi ta Amurka a 2016, ya kuma fito a mujallar Lancet Oncology a 2017. Tsawon rai bai bambanta ba: rabin masu gashin gurbi sun kai wata 12.2, rabin masu gashin dukan ƙwaƙwalwa sun kai wata 11.6. A ɓangaren tunani kuwa tazarar ta fito fili. Bayan wata shida, cikin mutum 54 da aka iya jarrabawa a rukunin gurbi, 28 ne tunaninsu ya ragu, wato kashi 52. Cikin mutum 48 na ɗaya rukunin, 41 ne, wato kashi 85. Tsawon lokacin da aka yi ba tare da raguwar tunani ba ya kasance, a matsakaici, wata 3.7 ga masu gashin gurbi da wata 3.0 ga masu gashin dukan ƙwaƙwalwa. Wannan tazara ta kwana ashirin da 'yan kai tana iya yaudarar mai karatu ya raina sakamakon, alhali dalilin ƙanƙantarta shi ne jarrabawar farko bayan gashi ta zo ne a mako na goma sha biyu, don haka raguwar da yawancin mutane suka samu a wannan rana guda aka fara rubuta ta. A cikin waɗanda suka haura shekara a raye, bambancin bai gushe ba, kuma masu gashin gurbi sun fi daɗewa suna iya kula da kansu.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda bai kamata a rufe shi ba. Bayan shekara ɗaya, kashi 60.5 ne kawai na masu gashin gurbi gurbinsu ya kasance babu ƙari, alhali a rukunin dukan ƙwaƙwalwa adadin ya kai kashi 80.6. Idan aka dubi ƙwaƙwalwar baki ɗaya, tazarar ta fi haka muni: kashi 36.6 da kashi 72.1. Rabin masu gashin gurbi sun ga ciwon ya sake motsawa a ƙwaƙwalwarsu kafin wata shida da rabi, a ɗaya rukunin kuwa sai bayan fiye da shekara biyu. Ma'ana, a kan ainihin aikin da aka ƙirƙiro gashin bayan tiyata dominsa, wato hana ƙari dawowa, tsohuwar hanya ce ta yi nasara, kuma da rata mai faɗi.

Duk da haka marubutan rahoton suka ba da shawarar a ɗauki gashin gurbi a matsayin hanyar da ta dace, kuma jagororin da ƙungiyoyin likitocin daji na Amurka suka fitar a 2021 da 2022 sun bi wannan ra'ayi. A ganina sun yi daidai, amma daidaiton yana da sharaɗi.

A fitowar Lancet Oncology guda da ta ɗauko N107C aka buga wani gwaji daga MD Anderson ƙarƙashin Anita Mahajan, wanda ya amsa tambayar da N107C bai yi ba: shin gashin gurbi ya fi barin majinyaci ba gashi? An raba mutum 132 da aka ciro musu ƙari tsaf, wasu aka gasa musu gurbi, wasu aka sa musu ido. Bayan shekara, kashi 72 na waɗanda aka gasa gurbinsu na nan lafiya, na waɗanda aka bari kuwa kashi 43. Wannan ya rufe bakin masu cewa ƙwarewar tiyatar zamani ta wadatar. Gwajin ya kuma nuna nauyin girman ƙari: inda bai wuce santimita biyu da rabi ba, kashi 91 ba su ga dawowarsa ba, inda ya fi haka kuwa adadin bai kai rabi ba.

Sharaɗin nasarar

Ta yaya rukunin da ƙari ya fi dawo musu suka rayu daidai da ɗaya rukunin? Dalilai biyu ne. Na farko shi ne wanda aka gani tun 1998, cewa da yawa daga cikin waɗannan majinyata dajin da ke sauran jiki ne ajalinsu. Na biyu, wanda shi ne ginshiƙin lamarin, shi ne cewa babu wanda aka gasa wa gurbi aka sallame shi ya tafi. Kowa yana dawowa hoton MRI a kai a kai, kusan duk bayan wata uku a shekarar farko, kuma da zarar an hango sabon ƙari, tun yana ƙarami bai fara kawo ciwon kai ko farfaɗiya ko shanyewar sashe ba, sai a sake gashin saiti, ko a sake tiyata, ko a koma ga gashin dukan ƙwaƙwalwar da aka jinkirta. Abin da gwajin ya gwada ke nan a zahiri: gashin gurbi haɗe da sa ido da shirin ceto. Idan aka cire sa idon, abin da ya rage ba shi ne aka gwada ba, kuma babu wanda ke da ikon jingina masa wannan sakamako.

Akwai wasu raunuka da mai karatu mai lura zai gani. Majinyata da likitocinsu sun san wane gashi aka yi, domin babu yadda za a ɓoye zama ɗaya daga zama goma sha biyar. Kusan rabin waɗanda suka shiga ba a sami jarrabawarsu ta wata shida ba, wasu sun rasu, wasu jikinsu ya yi nauyi. Mizanin raguwar tunani yana da tsauri, har ya sa fiye da rabin rukunin da ya yi nasara ma suka faɗi, wanda ke tunatar da mu cewa ciwon kansa da tiyata da magungunan daji duk suna cin tunani, ba gashi kaɗai ba. Sannan ƙidayar dawowar ƙari a gurbi tana da ruɗani, domin naman ƙwaƙwalwar da gashin saiti ya kashe yana iya haskawa a hoton MRI tamkar sabon ƙari, har ƙwararre ya kasa bambancewa sai da ƙarin hotuna ko jiran lokaci.

Babban rauni kuwa yana cikin ƙa'idar rabon haske da aka ambata. Gurbin da ya fi girma, wanda ya fi kowa haɗarin dawowar ƙari, shi ne ya sami haske mafi ƙaranci. Wannan ne ya sa cibiyoyi da dama suka koma raba gashin saiti zuwa zama uku ko biyar, misali Gray 27 a zama uku ko Gray 30 a zama biyar, domin lafiyayyen nama ya sami damar farfaɗowa tsakanin zama da zama yayin da jimillar hasken ke ƙaruwa. Haɗakar Alliance ta buɗe gwajin A071801 domin kwatanta wannan da zama ɗaya.

Wata matsalar ita ce bazuwar ƙwayoyin daji a kan tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Lokacin tiyata, musamman idan ƙarin ya fashe ko aka ciro shi gunduwa-gunduwa, ƙwayoyi suna iya zubewa cikin ruwan ƙwaƙwalwa su je su sauka nesa da gurbin, inda gashin saiti ba ya kaiwa. Daga nan aka samo tunanin juya tsarin: a gasa ƙarin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki kafin tiyata, lokacin da iyakarsa ke bayyane, ta yadda duk abin da ya zube ya riga ya sha haske. Gwajin NRG-BN012 yana cikin waɗanda aka tsara domin auna wannan. Akwai kuma hanyar da aka haɓaka a cibiyar Barrow da ke Phoenix, inda likita kafin ya rufe kai yake jera ƙananan faifan kolajin (sinadarin da ake samu a fata da jijiyoyi) a bangon gurbin, kowanne ɗauke da ƙwayoyin sinadarin siziyam-131 masu fitar da haske daga ciki. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan kimanin kwana goma, gashin yana farawa tun ranar tiyata, majinyaci kuma ba sai ya jira rauni ya warke ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan kaya mai suna GammaTile a 2018.

Abin da wannan ke nufi a wajenmu

Duk majinyatan N107C a Amurka da Kanada suke, inda MRI da injin saiti suke kusa. Wanda aka yi wa tiyata a Arewacin Nijeriya ko a Nijar yana cikin wani hali dabam. Cibiyoyin gashi kaɗan ne, irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Nijar kuwa sai a 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai. Yawancin iyalai daga aljihunsu suke biyan kowane hoto, ga kuɗin mota da masauki. Wasu sukan tara abin da suke da shi su tafi Indiya ko Masar, a yi wa majinyacinsu tiyata da gashin saiti a can, su dawo gida da takardar sallama mai cewa a maimaita MRI bayan wata uku.

Wannan layi na ƙarshe a takardar shi ne rabin maganin, kuma shi ne ya fi saurin salwanta. Don haka kafin a zaɓi gashin gurbi, wajibi ne likita ya zauna da majinyaci da danginsa ya faɗa musu gaskiya dalla-dalla: wannan hanya za ta fi kiyaye masa tunaninsa, amma yiwuwar ƙari ya sake ɓullowa cikin shekara ta fi rabi, kuma kariyarsa ita ce hoto a kan lokaci da wurin da za a koma idan an ga wani abu. Idan iyali za su iya ɗaukar wannan nauyi, hujjar gwajin tana tare da su. Idan kuwa ba za su iya ba, gashin dukan ƙwaƙwalwa, wanda ko tsohon injin kobalt yana iya yinsa, ba koma baya ba ne, zaɓi ne mai hujja, domin shi ne ya fi tsare ƙwaƙwalwa daga dawowar ciwo ga mutumin da ba za a sake ganin cikin kansa ba sai alamomi sun bayyana.

Ana kuma iya rage illarsa. Gwajin RTOG 0614 na 2013 ya nuna cewa shan maganin memantin na tsawon mako 24 tare da gashin yana jinkirta raguwar tunani, ko da yake babban ma'aunin gwajin ya gaza kai mizanin tabbaci da ƙiris. Gwajin NRG CC001 kuma, mai majinyata 518 da ya fito a 2020, ya nuna cewa idan aka rage hasken da ke sauka a kan hifokamfus, wato ɓangarori biyu na can cikin ƙwaƙwalwa da ke da alhakin adana sabon abin da mutum ya koya, haɗarin raguwar tunani yana sauka da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da tsawon rai ya ragu ba. Kauce wa hifokamfus yana buƙatar injin zamani mai iya sarrafa ƙarfin haske da kuma hoton MRI domin zane, sannan bai dace da wanda ke da ƙari a kusa da wurin ba. Memantin kuwa ƙwaya ce da ake sha a gida, ana farawa da kaɗan a ƙara mako-mako har a kai miligiram 20 a rana, kuma likita zai duba lafiyar ƙodar majinyaci kafin ya rubuta ta.